Kujerar Gaba

A tasha, wani saurayi mai sabuwar jaka yana zaune a kujerar gaban mota, yana ba tsohuwar da ke bayansa labari.

"Mama, ƙasar da na yi karatu ta kusa shugabantar duniya gaba ɗaya. Sun ce wayewarsu daban ce, ba mai iya kwaikwayonsu. Shugaba ya yi magana, kowa ya bi, ba musu."

"Kai ka koyo?"

"Sosai! Mu gardama ce ta kashe mu."

Direba ya leƙo. "Malam, koma baya, mai juna biyu za ta zauna nan."

"Ni? Wa ya ba ka iko? Sai an tambayi fasinjoji!"

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. "Tashi, ɗana. Sannu da dawowa gida."