Wa Zai Duba Motar?

Lasifikar tasha ta gama sanarwa da Turanci. Wata dattijuwa mai rungume da jaka ta juya wajen mutumin da ke gefenta a kan benci.

"Malam, me suka ce?"

"Wai dole a duba motarmu, Mama, kuma mai yiwuwa a jinkirta tafiyar."

"Wa zai duba? Wa zai jinkirta?"

"Ba su faɗa ba. Haka ake sanarwa da Turanci, aikin ake ambata, ba mai yin sa ba."

Ta ja tsaki. "Na san irin wannan Turancin! Magana ce ta marasa kunya, su jefe ka su ɓoye hannu."

"Haba Mama, ai ladabi ne, don kada a kunyata kowa."

"Ladabin me? Ranar da maigidana ya rasu, irinsa likita ya yi. Nas ta fassara mini, wai ya kamata a ce an kawo shi da wuri."

"To kin gani, bai kama sunan kowa ba."

"Bai kama ba," ta ce, ta ƙara ƙanƙame jakarta. "Amma daga ni sai shi ne a gidan, Malam. Kuma ni likitan yake kallo."