Ƙamshin Burodi

A layin ganin likita, wani direba ya sauko daga sikeli yana washe baki, ya taɓo dattijon da ke gefensa.

"Baba, kilo shida na sauke! Sukarina ya fara jin magana."

"Me ka sha, ɗana?"

"Hanya na canza. Gidan burodin kwanar tasha ne ajalina. Ƙamshin na buguna sai na cinye uku. Wata huɗu ke nan ina zagaye."

"Kai ne mai farar motar nan? Ai burodina ne. Mun zaci ka rasu."

Direba ya shinshina rigar dattijon, ya haɗiye yawu, ya matsa ƙarshen benci.

"Matsa abinka," in ji dattijon, yana shafa tumbi. "Kai ka samu hanyar zagaye. Ni a ciki nake wuni."