Masarar da Na Shuka a Ƙarƙashin Tagata

Da kuɗin citta na tafi Kaduna. Mamata ta sayar da duk abin da ta shanya a shekarar, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta rako ni daga Madakiya har tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ba a daɗe da gama yaƙi ba, mijina bai dawo ba, ga yara, ni kuwa na iya tafireta. Hannatu, ke da kike zumuɗin tafiya birni, matso, ke nake ba wa labarin nan.

Na sami aiki a wani ofis, na kama ɗaki a gidan haya. Ɗakin ƙarshe ne, jikin katanga, tagarsa ɗaya tak. A ƙarƙashin tagar aka ajiye rabin duro na zuba shara. "Dosbin" suke ce masa. Maƙwabciyata Mama Titi mai burodi kuwa "dosibini" take cewa, yara su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ni ban taɓa dariya ba, don ni ke shaƙa.

Motar hukuma ce ya kamata ta kwashe. Amma lungunmu ya yi mata ƙunci. Sai ta tsaya a bakin titi ta danna ham, kafin a ciccibo duron ta yi gaba. Akwai kuma mai baro da ke bin gidaje yana kwashewa a sallame shi. A kan wannan ake faɗa a tsakar gida kullum.

Mama Titi ta ce wa mai gidan, "Baba, a kira mai baro mana!"

Ya ce, "Na biya haraji. Shara ta gwamnati ce."

"Gwamnatin ta san ƙofar gidanka?"

"Shi mai baron ina yake kaiwa? Kwata yake juyewa, ruwan sama ya dawo mana da ita. Kuma ran da hukuma ta ga muna da mai kwashewa, ko ham ɗin ma ba za mu ƙara ji ba."

Na zauna na auna maganar, na ga kowa da gaskiyarsa. Sai dai duron bai motsa ba. Na ce, "Baba, to a matsar da shi."

Ya ce, "Zuwa ƙofar wa? In ɗakin bai yi miki ba, 'yata, akwai masu jira."

Da gaske akwai su. Albashina kuma gida yake tafiya, ba ni da na kama wani wuri. Na rufe taga, na toshe kafofin da tsumma. Zafi a ciki, ƙuda a waje. Ko kayan coci na ɗauko sai na ji warin a jikinsu.

Daga nan na tuna gida. Ku kun sani, a wurinmu ba a tara shara a jira wani. Toka da ɓawon doya da sharar tsakar gida, duk bayan ɗaki suke zuwa su zama taki. Na haƙa rami tsakanin tagata da katanga. In na dawo daga aiki sai in juye duron, in ware gwangwani da kwalba wa masu saye, in ƙone takarda, sauran in zuba a rami in rufe da toka. Da ruwa ya sauka na shuka masara da kuɓewa. Sai ga duro ba komai, sai ga taga a buɗe. Har Baba ya fara tambaya ko masarar ta kusa.

Ta fara goyo ke nan duba-gari ya shigo da gajeren wandonsa na kaki, da leburori riƙe da adda.

"Gonar wa ce wannan?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Sauro ke kwana a ganyen masara. Nan birni ne, Madam, ba ƙauyenku ba."

Na ce, "Da duron nan ke tsutsa, ba mu ga kowa ba."

Ya ce, "Kwashewa aikin wani sashe ne. Mu namu dubawa."

Suka sare ta tas, suka cike ramin, ya ce in na sake haƙawa kotu zai kai ni. Karan da ganyen kuwa, da yake su ba sa kwashewa, suka dunƙule suka cusa a duro. A ƙarƙashin tagata masarata ta ruɓe. Baba da Mama Titi suka koma gardamarsu daga inda suka tsaya, ni na nemo tsummana.

Haka na zauna har aka ba ni canjin aiki zuwa makarantar nan ta Kafanchan. Na dawo da akwatin da na tafi da shi, ba ƙari.

Kwanan baya a zumuntar mata aka tambaye ni ra'ayina, tunda garin nan ma an fara musun mota ko mai baro. Na ce a fara faɗa mini inda za a ajiye duron.

Ke kuma, Hannatu, in kin je kama ɗaki, kada ki fara da tambayar kuɗin haya. Buɗe taga tukuna, ki leƙa ƙasa.