Sabuwar Shokazobar Ɗantani

A tashar Yelwa, Ɗantani na jingine da babur ɗinsa da ya mayar mai ƙafa uku, tun safe ba fasinja. Sai ga wata mai nono da gorunanta.

"Adda, hau nan! Na sa sabuwar shokazoba, na ninka soson kujera. Ko jariri ba zai farka ba."

"Ba ya jijjiga?"

"Ko kaɗan! Akuyata na sayar na gyara shi."

"Kayya. Ina mai wancan ragargazajjen babur ɗin?"

"Zai karya miki ƙugu!"

"Ƙugun ya saba. Kafin mu kai kasuwa ya kaɗa min nonon, man shanu ya taso. Naka kuwa, sai na sauka in kaɗa da hannuna."

"Adda, tsaya! Tsohuwar shokazobar tana nan, ban yar ba!"