Guguwar da Na Sa Ta Juya Hagu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugabar ɗakin karatu da ta ba mu wannan zaure, 'yan'uwana malamai na da da na yanzu, tsofaffin ɗalibaina da nake gani yau da furfura da tumbi, iyaye da sauran jama'a, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri zan yi magana a zaune, domin gwiwoyina sun ajiye aiki ba su nemi izinina ba.

Ina gode wa wadda ta rubuta kuma ta zana littafin da muke ƙaddamarwa. Shekara talatin na yi ina koyar da fiziks, ban ga ɗaliba irinta ba. Uwar Tambaya nake ce mata a aji, har yanzu kuwa da 'ya'yanta uku sunan bai sake ta ba.

Bara ta buga mini ƙofa. Tun da mai ɗakina ta rasu, yara suka yi nisa, ba mai buga ƙofar nan sai mai duba mitar wuta. Ta shimfiɗa zane a kan tebur ta ce, "Malam, jarumata tana murza hannu, iska ta zama guguwa, guguwar ta buɗe ƙofa zuwa wata duniya. Yaya abin zai yiwu?" Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce, "Na sani. To in da zai yiwu fa?" Na ce, "Ashe har yau ba ki warke ba? Zauna."

Daga nan duk Laraba tana zuwa. Ga abin da muka tsayar.

Na farko, duk abin da ke juyawa, in ya matse sai ya ƙara gudu. Mun huda gindin tsohon bahona, muka cika shi da ruwa, muka watsa garin alli a kai. A gefe allin yana tafiyar tsofaffi irina, amma da ya kusa ramin sai ido ya kasa bin sa. Shi ya sa a littafin bakin ƙofar ne wuri mafi haɗari.

Na biyu, ƙarfi ba ya fitowa daga babu. Wanda zai juya iska haka, dole wani abu ya ragu a jikinsa. Muka yarda ɗumin jikin jarumar guguwar ke sha, don haka duk lokacin da ta buɗe ƙofa sai ta kama rawar ɗari. Ta ce, "Haba Malam, jaruma da bargo?" Na ce, "Da bargo da safa." Ku duba littafin, jarumar tana nan da bargonta.

Na uku shi ne ya kawo ni, kuma shi ne mai nauyi. A mako na shida aiki ya kusa ƙarewa. Tana tattara takardu ta ce, "Saura Laraba ɗaya, Malam, ka huta da ni." Na dubi kujerar da take zama, na tuna yadda ƙura ta saba kwanciya a kanta. Sai na ji bakina yana cewa ta yi kuskure: ta zana guguwar tana juyawa dama, alhali juyawar duniya za ta tilasta mata bin hagu.

Jama'a, wannan ba gaskiya ba ne. Juyawar duniya tana karkata manyan guguwowi masu faɗin ɗaruruwan mil, amma ba ruwanta da baho, ba ruwanta da guguwa mai faɗin ƙofa. Na sani, domin ni da kaina na sha jan layi da jan biro a ƙarƙashin wannan kuskure. Amma ta yarda da ni, saboda ni malaminta ne. Ta sake zana shafi talatin da biyu. Mako bakwai ta yi, ni kuwa na samu Laraba bakwai. Ta kuma rubuta bayanin a ƙarshen littafin da sunanta. Saboda haka duk masanin da ya karanta ya yi tsaki, kada ya ce ita ce ba ta sani ba. Laifina ne, ni kaɗai.

Shekaranjiya na kira ta a waya na faɗa mata. Na zaci na rasa ta ke nan. Can ta ce, "Baba, da ka ce mini kawai in riƙa zuwa, da wuyana bai yi ciwo ba." Sannan ta yanke hukunci: in faɗi gaskiya a gabanku da bakina, kuma duk Asabar za ta ɗauko ni ta kawo ni ɗakin karatun nan, in gyara wa masu karatu abin da na ɓata. Na ce har yaushe? Ta ce, "Kwafi dubu biyu aka buga. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ban ɗaukaka ƙara ba.

Allah ya yi mata albarka, ya raya mata zuriya, ya sa littafin ya karɓu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya, ni kuma ya ara mini kwanakin da zan gama hukuncina.

Na gode.