Uwar da Ta Warke

A ɗakin jiran asibiti wata mata ta kasa zama wuri ɗaya. Ta tashi, ta zauna, idonta a ƙofar likita, tsohon littafin labari a hannunta. Dattijon da ke gefenta ya leƙo bangon.

"Wannan ai da shi muka tashi. Naki ne, baiwar Allah?"

"Na ɗiyata ne, Baba. Shekararta goma. Idan suka kwantar da ni, ta samu abin ɗebe kewa."

"Anya bai yi mata nauyi ba? Uwar fa mutuwa take yi a ƙarshe."

"Wace uwar? Warkewa take yi, har ta koma kasuwa."

"Shekara ashirin ina koyar da shi a aji. Mutuwa take yi."

"Baba, kada ka ja da ni. Mahaifinmu ya karanta mana shi kaf, lokacin da Innarmu take kwance."

"Da idonki kika karanta, ko da kunnenki?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi agogo, sannan ta buɗe shafin ƙarshe. Sau biyu ta bi shi da yatsa.

"Ashe mahaifinmu wani ƙarshe ya shirya mana."

"Innar taku fa?"

"Ba ta tashi ba."

Ma'aikaciyar jinya ta kira lambarta. Matar ta miƙe, ta yage shafin, ta danƙa wa dattijon.

"Riƙe naka ƙarshen, Baba. Na ɗiyata kuwa, ni zan fito in faɗa mata da bakina."