Za'afaran a Miyar Kifi

A wajen mai kifi a unguwar Karama, Wasila ta daɗe tana satar kallon matar da ke gabanta, wata 'yar Damagaram da ta sa a tara mata kawunan kifi da ƙayoyi. Ga za'afaran da busasshen ɓawon lemo a ledarta.

"Baiwar Allah, wane malami ne ya haɗa miki wannan?" in ji Wasila.

"Malami kuma? Miya ce, Hajiya, ta masuntan kudancin Faransa. Can maigidana ya yi karatu."

"Miya da za'afaran? Mu a Kano rubutun sha muka san ana yi da shi."

"Wallahi miya ce. A tafasa kawunan da tumatir da tafarnuwa, a tace, a ci da gasasshen burodi."

"To, in ya ci fa?"

"Ranar da na dafa, ko abokansa ba sa ganin ƙeyarsa."

"Ai na faɗa!" Wasila ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Ni dai ba ruwana da irin waɗannan abubuwa. Amma kafin a zuba za'afaran ɗin, me ake karantawa?"